Mutum ɗaya, bes ɗaya, lufa ɗaya: abin da ya faru da wani makaɗi a Agege daga 2023 zuwa 2025

## Kafin Yuni 2023: yadda ya koma shi kaɗai

Ba zan faɗi sunansa ba don bai ce in faɗa ba, amma duk mai leƙowa ɗan situdiyona a Agege ya san shi, dogon nan siriri mai goya jita a baya kamar jariri. Haifaffen Zariya ne, a coci ya koyi bes, wato jitar nan mai kaurin sauti, tun yana sakandare, ya shigo Legas a 2016 ya sauka wurin kawunsa a Idi-Araba, da ya yi aure sai ya kama ɗaki kusa da mu. Ni aikina haɗa sauti, na girme shi da kusan shekara goma shi ya sa Yaya yake ce min, ni kuma ƙanena nake ce masa.

Su biyar ne a ƙungiyarsu, mai ganguna da mai fiyano da mai jita da mawaƙiya da shi, suna zagaya otal-otal da wuraren biki tsakanin Ikeja da Surulere. Bes ɗinsa na lokacin mai tsirkiya biyar ne, mai araha, wanda ya sha duniya har fentin inda hannu ke gogawa ya koɗe.

Farkon 2023 aka shiga wahalar takardar kuɗi saboda canjin naira, liƙi ya ɗauke ɗif, wanda kuwa ya san harkar biki ya san liƙi ne rabin abincin makaɗi. Ba a gama farfaɗowa ba ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin mai, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta koma kusan 500 a nan Legas, shatar danfo ɗin da zai kwashi mutum biyar da ganguna da sifiku ta fi ƙarfin abin da ake biyansu. Wani mai gidan cin abinci a Ikeja da suke wa kiɗa duk Alhamis ya ce shi gaskiya yanzu kuɗin mutum ɗaya zai iya biya, in akwai wanda zai iya riƙe wurin shi kaɗai to bismilla, in babu zai sa kiɗa a waya kawai. Mai fiyano ne ya kamata ya karɓa amma ya samu aiki a wani coci a Lekki, sai ƙanen nawa ya ce shi zai gwada.

## Yuni zuwa Satumba 2023: lufa ta farko

Ga wanda bai san lufa ba, ɗan akwatin ƙarfe ne da ake ajiyewa a ƙasa, ka taka ya fara ɗaukar abin da kake kaɗawa, ka sake takawa ya rufe ya shiga maimaita shi ba tsayawa, kai kuma ka yi ta ɗora wani kiɗan a kai. Wato 'yan amshi ne a cikin akwati, sai dai su abin da ka ba su shi za su maido maka har da tuntuɓenka, kuma ba sa gajiya da maimaita shi. Kamfanin Boss ya fito da RC-20 tun 2001, TC Electronic kuma ya fito da Ditto a 2013, ƙarama mai maɓalli ɗaya da ke ɗaukar minti biyar, ita ce ta sa abin ya yaɗu don ta yi araha. Shi dai irin masu maɓalli ɗayan nan ya saya, tokumbo, a kasuwar Alaba.

Wata biyu yana atisaye a ɗaki da abin sa wa a kunne don kar ya dami maƙwabta. A Agusta ya yi wasan farko, minti 30 aka ba shi. Ban je ba, matarsa ce ta ɗauka a waya, washegari ya kawo min muka zauna a bencin mai shayin bakin layinmu muka kalla.

Abu uku na ji a bidiyon. Na farko, duk sanda zagayen ya dawo farko sai ka ji ɗan ɗingishi, kamar mai tafiya da takalmi ƙafa ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Na biyu, da ya ɗora layi na uku sai komai ya dagule ya zama gurnani ɗaya, ba ka bambance wannan da wancan, kamar ana daka a gidan maƙwabta kana ji ta bango. Na uku wani zuuu ne a ƙarƙashin kiɗan da ke ƙaruwa duk sanda ya ƙara layi. A minti na 19 NEPA ta ɗauke, kafin a tada janareto komai ya mutu, da wuta ta dawo sai ya fara gini daga tushe mutane na ta cin shinkafarsu.

Mai wurin bai kore shi ba, ya dai rage masa zuwa minti 20 ya ce ya riƙa yi ƙasa-ƙasa. Shi kuma abin da ya ɗauka daga wannan daren shi ne bes ɗin ne bai kai ba. Ya ce min, Yaya wannan katakon ba zai kai ni ko'ina ba, masu yin abin nan da gaske duk mai tsirkiya shida suke riƙewa.

## Oktoba 2023 zuwa Maris 2024: cinikin biri a sama

Ba ƙarya ya yi ba ta wani ɓangaren. YouTube ya cika masa ido da irin su Steve Lawson na Ingila da ke zama shi kaɗai a dandali da bes mai tsirkiya shida yana gina kiɗa hawa-hawa, da Richard Bona na Kamaru da ke ɗora murya a kan murya da lufa. Shi bes na asali tsirkiya huɗu ne, kowace da sunan sautinta, E da A da D da G, mai biyar yana ƙara B a ƙasa, mai shida kuma ya ƙara B a ƙasa da C a sama. Anthony Jackson ne ya matsa sai an ƙera masa irin wannan, Carl Thompson ya yi masa na farko a 1975, daga baya Jackson ya koma wurin Fodera, ɗan kamfanin nan na Brooklyn da aka kafa a 1983 wanda har yau da hannu suke ƙerawa kuma dala dubu goma ba abin mamaki ba ce a wurinsu. Wannan kam ko a mafarki bai sa rai ba, amma yana so ya kusanci wurin.

A Nuwamba ya samu wani na hannu a intanet, ƙirar wani ƙaramin maƙeri a Amurka, tsirkiya shida, tsawon inci 35 daga gada, inda tsirkiyoyi ke ɗaure a jikin bes, zuwa ƙarshen wuya, tazarar milimita 19 tsakanin tsirkiya da tsirkiya, katako mai zanen ruwa wanda wallahi ko ni da na ga hoton sai da na haɗiyi yawu. Dala 2,400. Lokacin 'yan canji na sayar da dala wajen naira 1,150 don tun da aka saki naira a Yuni take ta gangara, kuɗin ya kama miliyan biyu da dubu ɗari bakwai da wani abu. Ya kwashi adashinsa, ya sayar da babbar amfilifayarsa, ya ranci sauran wurin kawun nan na Idi-Araba. Wani surukin abokinsa da ke dawowa hutun Kirsimeti ne ya riƙo masa a jirgi. Bai taɓa riƙe shi a hannu ba kafin ya biya, nauyinsa ma bai tambaya ba.

Ranar da ya iso a situdiyona aka buɗe akwatin. Mun ɗora shi a sikelin mai sayar da gas na kusa da mu, kilo 5.4. Tsohon nasa kilo 4.1 ne. Sautin kam ba magana, B ɗin nan in ya taɓa sai ka ji a ƙirjinka.

Disamba wata ne na aiki a Legas, ya yi wasa 17 a cikinsa, yawanci da ƙungiya, tsaye awa uku awa huɗu. Kafin ƙarshen Janairu kafaɗar hagu ta fara, a Fabrairu wuyan hannun hagu ya bi, har ya kai in ya tashi da safe sai ya yi ta murza yatsu kafin su saki. Lissafin ba wuya: tazarar 19 sau biyar milimita 95 kenan daga tsirkiyar farko zuwa ta ƙarshe a wajen gada, wuyan kuma faɗinsa kamar allon makarantar allo, shi kuwa hannunsa dogo ne amma tafin ƙarami. Inci ɗayan nan da ke tsakanin 34 da 35 ma ba ya da yawa a baki, amma daga ƙarshen wuya zuwa firet na huɗu, wato ƙarafunan nan da ke gicciye a wuya inda ake danna tsirkiya, yana ƙara kamar milimita 5 na miƙa yatsa, ka yi wannan sau dubu a dare ɗaya ka ji yadda jiki zai gaya maka.

Wasan Alhamis kuma ɗingishin na nan, zuuu na nan, dagulewar ma ta ƙaru, har da wani sabon abu da babu shi da, tsirkiyoyin da bai taɓa ba suna ta rawa da kansu suna kuka ƙasa-ƙasa, lufa kuma tana kwashe duka tana maimaitawa.

## Afrilu zuwa Yuni 2024: damina ta shigo

Bes ɗin daga gida mai hita ya fito a tsakiyar sanyin Amurka, ya sauka Legas cikin hunturu, iska busasshiya can busasshiya nan, shi ya sa watannin farko wuyan bai motsa ba. Da ruwa ya sauka a Afrilu katakon da yatsu ke hawa ya sha laima ya kumbura, wuyan ya lanƙwasa baya, tsirkiyoyi suka kwanta a kan firet suka fara zzz daga firet na ɗaya zuwa na biyar. Maganin wannan sananne ne, akwai sandar ƙarfe a cikin wuyan da ake sassautawa da alanki, kwata ɗin juyi ka bari ya kwana ka sake dubawa. Sai dai alankin kayan Amurka yawanci da inci ake auna shi, namu na kasuwa da milimita, shi bai sani ba ya zura wanda ya kusa daidai ya murɗa har bakin noti ya fara cinyewa. Allah ya sa ya tsaya da ya ji yana sulɓewa. Sati uku bes na miliyan uku na jingine a bango kafin mu samo alankin da ya dace wurin wani mai gyaran jita a Surulere.

Ga kuma tsirkiya. Gumi da iskar teku suna kashe tsirkiya da wuri a garin nan, saitin shida kuma ba kowane shago ke ajiyewa ba, balle wanda tsawonsa zai kai inci 35. Sau biyu yana sayen saiti ya iso gida ya tarar zaren bakin B ya shigo cikin wuya.

## Yuni 2024: ranar da muka ware layukan

Wata Lahadi da yamma ana ruwa ba wanda ya zo ɗaukar waƙa, na ce masa zo ka yi min kiɗanka na lufa gaba ɗaya yadda kake yi ranar Alhamis, kar ka gyara komai. Na ɗauki abin da ke fita daga bes ɗin kai tsaye a layi ɗaya, abin da ke fita daga lufa a wani layin, na kuma kafa waya tana kallon hannunsa da ƙafarsa. Minti 40 ya yi. Sannan muka zauna gaban kwamfuta muna yankawa.

Ɗingishin muka fara kamawa don shi ne mai sauƙi. Yana kiɗa a gudun bugu 100 a minti, kowane bugu sakan 0.6, zagayensa bugu 16 ne wato ya kamata ya zama sakan 9.6 cif. Nasa na farko 9.52 ya fito, na biyu 9.49, na uku 9.55. A bidiyon ƙafar sai ga dalili, yana takawa ne da zarar ya saki sautin ƙarshe, alhali a kan bugun farko na zagaye mai zuwa ake takawa, hannu ya kaɗa "ɗaya" ƙafa ta sauka tare da shi. Kullum yana yanke wa zagayen ɗan jela.

Zuuu ɗin kuma na wuta ne. Wutarmu a Najeriya tana kaɗawa sau 50 a sakan, in adafta mai araha ce ko kayan ba su da waya ta ƙasa mai kyau sai wannan kaɗawar ta shigo cikin sauti. Abin haushin ga mai bes shi ne 50 ɗin nan tana zaune ne tsakanin G ta ƙasa da ke 49 da G shaf da ke kusan 52, wato a tsakiyar gonarsa take, tana faɗa da duk abin da ya kaɗa a wurin. Mai jita zai iya yanke ta da ikwalaiza, na'urar tace sauti, bai rasa komai ba, mai bes in ya yanke ya yanke kansa. Kuma duk layin da ya ɗora lufa na sake ɗaukar zuuu ɗin ta tara a kan na baya. In aka koma ƙaramin janareto kuma gudun injin na hawa da sauka, sai zuuu ɗin ma ya riƙa hawa da sauka.

Dagulewar ce ta ɗauke mu lokaci. A waƙa ɗaya layi biyar ya ɗora, da na duba huɗu daga ciki duk a ƙasa da firet na bakwai ya kaɗa su, a kan B da E da A. Tsirkiyar B tana kaɗawa kusan sau 31 a sakan, E 41, A 55, kuma sautuka masu kauri irin waɗannan in biyu suka haɗu kusa da juna ba sa jituwa, gurnani suke yi, shi ya sa ko mai fiyano ba ya cusa yatsu uku a can ƙarshen hagu. Ga shi sifikun wurin cin abincin ƙanana ne na bango da ba sa iya fitar da 31 ɗin ma, su dai su yi ta kakkarwa, wayoyin da mutane ke kallon bidiyonsa a Instagram kuwa ba a maganarsu.

Sai na ce bari mu ƙirga wani abu. A wuraren da kiɗan ya fito tsab har ni na gyaɗa kai, ina hannunsa yake? Duk a kan D da G da C ne, sama da firet na 12. C ɗin nan siririya da ke kaɗawa kusan sau 131 a buɗe, ita ke ba shi waƙa da kod masu haske, wato sautuka da yawa a kaɗa su tare. Sautin da ba zai iya samu ba sai a kan B kuwa, wato abin da ke ƙasa da E, sau 9 kawai ya buƙace shi a minti 40.

Ya yi shiru yana kallon allon, can ya ce, Yaya kenan rabin kuɗina na biya wa tsirkiyar da ba na amfani da ita. Na ce masa mu bar wannan tukun, akwai gwajin da ba zai ci ko dubu talatin ba.

## Yuli zuwa Satumba 2024: gwajin wata uku da tsohon bes

Muka ɗauko tsohon mai biyar ɗin nan da ya raina, muka cire B, muka matsar da E da A da D da G kowace ta hau gurbi ɗaya, muka sa C siririya mai kaurin inci .032 a gurbin ƙarshe. Ramukan wuyan sun ɗan yi wa tsirkiyoyin yawa amma don gwaji ya wadatar, aka ɗan taɓa sandar wuya aka bari ya kwana. Babban mai shidan kuma muka mayar da shi akwati da ƙunshin sinadarin nan mai tsotse laima, sai wasan ƙungiya kawai yake fitowa.

Sharuɗɗan da muka yi da shi ba su da yawa. Sati biyun farko ba ɗora komai, minti 20 kullum yana buɗe zagaye yana rufewa da metronom, na'urar da ke ƙirga bugu daidai, ya saurara ya goge ya sake. Layi uku ne iyaka a cikin lufa, na huɗu shi ne abin da hannunsa ke yi kai tsaye, kuma layi ɗaya tak ke da izinin sauka ƙasa da firet na bakwai. Don kukan tsirkiyoyin da ba a taɓa ba ya koyi barin babban yatsan dama yana bin hannu yana kwanciya a kan na sama da wadda yake kaɗawa, ya kuma sato abin ɗaure gashin matarsa ya zura a wuyan bes bayan firet na farko, ruwan hoda ne ma, har yau shi yake sawa.

Wuta kuma muka raba shi da soket gaba ɗaya. Fawa bank da kebul mai mayar da shi bolt 9, sai akwatin DI mai maɓallin raba waya ta ƙasa tsakaninsa da miksan wurin. Zuuu ya tafi a ranar, kuma ko an ɗauke wuta sifiku ne kawai ke mutuwa, zagayensa na nan na juyawa a cikin akwati har janareto ya tashi. A Agusta ya sayar da lufa mai maɓalli ɗaya ya ƙara kuɗi ya sayi mai layi uku irin RC-300 ta Boss, ita ma tokumbo, wadda kowane layi ke da maɓallinsa, ka iya kashe wannan ka bar wancan. Wannan ne ya ba shi damar yin abin da makaɗan kalangu ke yi, a janye a bar ɗaya na tafiya sannan a dawo gaba ɗaya.

Na je na gan shi wata Alhamis a ƙarshen Satumba. Da kisassun sautuka ya fara, tafin hagu a kwance kan tsirkiyoyi, babban yatsa na dukan E, manuniya na fizgar G, tim-ta-ka tim-ta-ka a tafiyar nan ta shida-shida irin ta kiɗanmu na gida. Ya taka ya rufe, ba ɗingishi. Ya sa layin ƙasa, sauti huɗu kacal da sarari a tsakaninsu. Ya haura firet na 14 ya ajiye kod biyu masu yatsa uku. Sannan ya matsa hannun dama daf da gada inda sauti ke sirancewa ya shiga waƙa a kan C da G, sai ka rantse gurmi ne. Wani dattijo ɗan canji daga titin Allen na Ikeja da ke teburin kusa da nawa ya ajiye cokali ya leƙa bayan labule ya dawo ya ce masa, samari ina sauran mutanen naka suka ɓuya? Ya ce Baba ni kaɗai ne. Dattijon ya ce to ai Ɗanmaraya ma da tsirkiya ɗaya ya riƙe ƙasar nan, ya liƙa masa dubu biyu.

## Oktoba 2024 zuwa Janairu 2025: zaɓe na biyu

Tambayar da ta rage ita ce ko ma yana buƙatar shida. Don wasan lufa kaɗai biyar mai C ta isa. Amma har yanzu fiye da rabin kuɗinsa daga ƙungiya da coci yake fitowa, waƙoƙin yanzu kuma da yawa bes ɗinsu a fiyano aka haɗa shi, yana sauka D da C na ƙasa, dole sai da B. Ɗaukar bes biyu a danfo daga Agege zuwa tsibirin Legas kuwa wanda ya taɓa yi ba zai so ya maimaita ba. Don haka shida dai, amma wadda ta yi daidai da jikinsa.

Ya sayar da babban a Oktoba naira miliyan 3 ga wani ƙaton mutum mai kiɗa a coci wanda hannunsa ya rufe wuyan kamar an auna. A takarda riba ya ci, amma lokacin dala ta haura 1,600, in ka mayar bai fi dala 1,800 ba, wajen 600 ta tafi kenan. Ya fara biyan kawu.

A wannan karon da takarda ya fita, ya rubuta: kar ya wuce kilo 4.5, inci 34, tazara 16.5 zuwa 17, firet 24, wuya mai ƙarfafawa a ciki ko wanda aka haɗa da katako fala-fala, da maɓallin da zai sa ya yi aiki ko batir ya mutu. Da sharaɗi ɗaya da ya fi duka, sai ya rataya shi a tsaye minti 40 da lufarsa a ƙasa kafin a yi maganar kuɗi. Firet 24 ɗin ba ado ba ne, a kan C yana kai shi sautin da ke kaɗawa sau 523, bes mai huɗu mai firet 20 kuwa a 311 yake tsayawa, duk wannan filin da ke tsakani nan waƙar take.

Uku ya gwada cikin wata uku. Na farko irin masu firet a karkace ne, salon da Dingwall na Kanada ya yi suna da shi, inda B ke da tsawo har inci 37 na sama kuma gajeru, B ɗin ya fi na kowa tsabta amma a can sama da firet na 15 inda shi yake zama karkacewar ta sa kod ɗinsa sai ya murɗa hannu, ya ajiye. Na biyu mai tazarar 16.5 ne irin ta Ibanez SR, marar nauyi, ya ji daɗinsa ƙwarai a kod, sai dai wurin fizgar tsirkiya don kiɗan kalangun nan yatsansa na maƙalewa. Na uku ƙirar Japan ne, inci 34, tazara 17, kilo 4.4, yana hannun wani mai kiɗa a Festac da ke shirin barin ƙasar, kuma shekararsa shida a Legas, ya ga damina shida da hunturu shida, mai shi ya ce sau biyu a shekara yake taɓa sandar wuyan kwata-kwata, ga alankinsa ma a aljihun jaka. Ba shi da zanen ruwa, baƙi ne kawai da ƙwarzane biyu a baya. Naira miliyan 1.9 aka daidaita a Janairu 2025.

## Inda ake yanzu, da abin da ni na gani

Wasan Alhamis ya koma minti 45 kashi biyu, ya samu wani na Asabar a Yaba. Kafaɗa ta daina, wuyan hannu kuma in ya yi dogon biki yana ɗan tuna masa. Zagayen da na auna masa na ƙarshe 9.60 da 9.61 ne. Tsirkiya har yanzu sai an riƙo masa daga waje, saiti uku-uku yake saye ya ɗaure a leda. Bikin Hausawa kuwa bai samu shiga da lufa ba, an gwada sau ɗaya a Agege mata suka ce a sa musu DJ.

Ni a ganina abu huɗu ne suka lalata wasan Agusta 2023, ƙafa da wuta da cunkushe layuka a ƙasa da rashin tsirkiyar sama, kuma ɗaya ne kawai a ciki ya shafi bes, shi ma da C ɗaya ta 'yan dubbai aka gano shi a kan tsohon katakon da ya raina. Bes ɗin Amurkan nan ba shi da laifi ko kaɗan, yana can yana aiki lafiya a hannun da ya dace da shi, laifin saye ne ba a rataya ba da kuma ɗauka cewa abin da ya yi wa mai kiɗa a cikin ƙungiya kyau, wato B mai ƙarfi da wuya mai faɗi don mari da fizga, shi zai yi wa mai lufa. Mai lufa a sama yake kwana. Abin da ban yarda da shi ba har yanzu shi ne sayen shidan ma gaba ɗaya, da ni ne da na bar mai biyar ɗin a kan C na sayi wani mai biyar mai kyau don ƙungiya na riƙe canjin, mun yi wannan gardamar ya fi sau goma, shi kullum amsarsa ita ce Yaya kai ba ka hawa danfo da kaya. Tsohon dai bai sayar ba, yana rataye a situdiyona da C ɗinsa, yara biyu 'yan layinmu ke koyo da shi ranar Lahadi.